Yadda na gyara ƙyaftawar fitilun WS2812B a kan Raspberry Pi

Jerin fitilun WS2812B (ƙananan fitilun LED masu canza launi bisa umarnin kwamfuta) da na jona wa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ya riƙa ƙyaftawa yana kawo launukan da ban umarta ba, alhali mita ta nuna wutar volt 5 lafiya lau. Matsalar tana kan layin sigina ne, domin kwamfutar volt 3.3 kaɗai take fitarwa, fitilun kuwa suna bukatar kusan 3.5. Saboda haka na sa wani ƙaramin chip mai suna 74AHCT125 a tsakani ya ɗaga siginar, sannan na haɗe wayar GND (wato negative) ta kwamfutar da ta adaftar fitilun, abin da ake yawan rainawa.

'Yar rawar da ta rage daga GPIO18 ta fito, wato ƙafar kwamfutar da siginar ke fita ta cikinta, wadda take raba PWM (da'irar da ke samar da bugun sigina) da sashen sauti. Da na kashe sautin a config.txt, fayil ɗin saitin kwamfutar, sai launukan suka daidaita.