Yadda ake sa rubutu ya kewaye hoto a Word

Masu buga takardu a Maradi da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu haɗa kundin kammala karatu sun san wannan ciwon kai: ka sa hoto, ka ja shi gefe, ya ƙi gusawa, ga fili fari fetal a gefensa. Dalili shi ne, Word na ɗaukar sabon hoto a matsayin harafi guda cikin layi. Kada ka yi ta tura shi da madannin tazara, da ka ƙara kalma ɗaya a sama komai zai wargaje.

Zan kira sunayen da Faransanci, tunda da shi galibin kwamfutocinmu suke.

Da farko danna hoton sau ɗaya. Daga Word na 2013 zuwa yau, wata 'yar alama za ta fito a kusurwarsa ta sama, hannun dama. Danna ta, jerin hanyoyin sa rubutu ya kewaye hoto zai buɗe. In Word ɗinka tsoho ne, danna hoton da maɓallin dama na linzami, ka nemi jerin a nan.

Sai zaɓi. Carré na jera rubutu kewaye da hoton ta kusurwa huɗu, kuma shi ya fi dacewa da yawancin aiki: hoton fasfo a takardar neman aiki, ko hoton gonar gyaɗa cikin rahoto. Rapproché, wanda wasu Word ke kira Adapté, yana bin siffar abin da ke hoton, amma sai an cire bayan hoton ake ganin amfaninsa. Taswira ko zane mai faɗi, ba shi Haut et bas, rubutu sama da ƙasa kawai. Devant le texte na sa hannu da hatimi ne. Derrière le texte kuwa, ni dai ba na son sa, don in hoto ya shige bayan rubutu sake kamo shi aiki ne.

Yanzu ja hoton inda kake so. In kana son matsar da shi kaɗan-kaɗan, riƙe Ctrl ka danna kibiyoyi. In rubutun ya manne masa, danna hoton da maɓallin dama, ka nemi jerin nan, a ƙasansa ka shiga Autres options de disposition, ka ƙara tazara a Distance du texte. Rabin santimita ya isa.

Saura abin da ya fi rikita mutane. Kana danna hoton, dubi gefen hagu na shafin, za ka ga 'yar alamar anga ta jirgin ruwa kusa da wani sakin layi. A nan aka ɗaure hoton. Sakin layin ya koma shafi na gaba, hoton ya bi shi. Ka goge shi duka, hoton ma ya tafi. Don haka ja angar ka ɗora ta kan sakin layin da ke bayanin hoton.

Kafin ka kai wurin bugawa, adana takardar a PDF, don kwamfutar shagon ba lallai tana da irin haruffanka ba, kuma in haruffa sun canza, layuka da hotuna za su gusa.