Darasi na 9: Gilashin da ke jawo nesa kusa

Ranar hawan Salla, a ƙofar fadar Sarkin Katsinar Maradi, dawaki na sukuwa, dogarai na tura jama'a baya. Wani saurayi mai koyon ɗaukar hoto ya yi ta latsa kyamararsa daga cikin taro. Da ya duba da yamma, sai ya ga mahayan sun fito ƙanana kamar ƙudaje a bakin kwano. Ya kai kuka wurin maigidansa.

"Maigida, kyamarar nan ba ta da kirki."

Maigidan ya karɓa, ya nuna masa rubutun da ke bakin gilashin: 18-55mm. Ya ce, "Lafiyarta lau, yaro. Gilashin ne bai kai can ba."

Wannan gilashi da ake ɗaurawa a gaban kyamara shi masu sana'a ke kira objektif. Lambar da ke gaban haruffan mm ita ke faɗin inda idonsa ya kai. Ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babba tana jawo abin da ke nesa. Na 18-55mm, wanda yawanci ake sayar da kyamara da shi, ya isa hoton suna ko na ango da amarya a tsakar gida. Amma hawan Salla, ko kokowa a fili, ko tsuntsaye a tafkin Madarunfa, sai wanda aka rubuta wa 55-200, 55-250 ko 70-300.

Kafin ka tambayi kuɗi, duba ko gilashin zai shiga kyamararka. Na kamfanin Canon ba ya ɗauruwa a kyamarar Nikon. Ko cikin gida ɗaya ma akwai bambanci. Gilashin Canon mai alamar EF-S na ƙananan kyamarori ne irin 600D da 2000D, ba ya shiga 5D ko 6D. Wajen Nikon kuwa, kyamarori irin D3100, D3200 da D5100 ba su da ɗan injin da ke saita hoto a jikinsu, sai gilashi mai alamar AF-S. In aka ba ka tsoho mai AF kawai, da hannunka za ka riƙa murɗawa, doki kuma ba zai tsaya jiranka ba. Mai alamar AF-P yana aiki da D3400, D3500 da D5600, amma ba ya yi da D3100 ko D3200. Saboda haka ka tafi kasuwa da kyamararka a hannu, ko nan Maradi ne, ko Katsina, ko Kano.

Yanzu ga wurin da masu koyo suka fi faɗawa rami. Ido yana ganin 300 sai ya raina 250. To, duk abin da ya jawo nesa kusa, yana ƙara girman rawar hannu. Gwada da kanka: riƙe doguwar sanda ta ƙarshenta, ka nuna wani abu. Hannunka kaɗan ya motsa, amma bakin sandar sai lilo yake. Haka hoto ke fita dishi-dishi. Shi ya sa aka sa wa wasu gilasai na'urar da ke danne rawar hannu. Canon na rubuta IS, Nikon VR, Tamron VC, Sigma kuma OS. Canon 75-300mm da ya cika shaguna, mai araha, ba shi da ita. Canon 55-250mm yana da ita. Ni dai in ɗalibina ne, na biyun zan ce ya ɗauka, ko da zai ƙara ƴan jikkuna. Tazarar 250 da 300 taku kaɗan ne gaba.

Sai dai ita na'urar, rawar hannunka take tsayarwa, ba dokin ba. Abu mai gudu yana son saurin ɗauka 1/500 ko 1/1000 na daƙiƙa.

Za ka kuma ga f/4-5.6 a jikin gilashin. Wannan yawan hasken da yake sha ne, kuma masu araha ba sa sha da yawa. Da ranar Maradi ba damuwa. Bayan magariba, a wurin biki, zai ba ka kunya.

Yawancinmu na hannu muke saye. Cire murfin gaba da na baya, kunna fitilar wayarka, haska ta ciki. Ƴar ƙura ba komai ba ce, wa ya tsira daga ƙurar hunturu? Amma in ka ga zare-zare fari kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce, irin ta kayan da suka daɗe a wuri mai laima. Mayar masa da abinsa. Murɗa zoben da ke jikin gilashin daga farko har ƙarshe, ka ji ko yana cijewa. Sannan ka ɗaura shi, ka fito bakin shago, ka ɗauki lambar wata mota can nesa, ka buɗe hoton sosai a allon kyamara ka ga ko tana karantuwa.

Aikin gida: kwafi duk haruffa da lambobin da ke jikin kyamararka da gilashinta a littafinka. A darasi mai zuwa kowa zai karanta nasa a gaban aji, ya faɗi gilashin da zai shiga kyamararsa.