Kurakuran Baki a Wurin Sujada da Yadda Za a Gyara Su

Idan mutum ya miƙe yin addu'a a madadin ikkilisiya, bakinsa ya zama na jama'a. Duk wanda ya amsa da "Amin" ya sa hannu a kan abin da aka faɗa. Shi ya sa Manzo Bulus ya tambayi Korintiyawa yadda wanda bai fahimci addu'a ba zai ce Amin. Ya ce gara ya faɗi kalmomi biyar da hankalinsa domin wasu su ƙaru, da ya zuba dubu goma da ba mai ganewa (1 Korintiyawa 14:16-19).

Kuskuren da kunne ya fi sabawa da shi shi ne mai da sunan Allah abin cike gurbi. Za ka ji: "Uba, mun gode maka Uba, domin Uba, kai ne Uba..." Ba ƙeta ba ce, yawanci tsoron shiru ne, tunani ya tsaya, baki kuma ya ƙi tsayawa. Amma sunan nan shi ne aka ce kada a kama shi a banza (Fitowa 20:7). Maganin mai sauƙi ne: idan magana ta yanke maka, yi shiru, ja numfashi, sannan ka ci gaba. Kafin ka miƙe ma, tsai da abu biyu ko uku da za ka roƙa. Maimaici kansa ba laifi ba ne. Yesu ya yi roƙo iri ɗaya har sau uku a Getsamani, Zabura 136 kuma amshi ɗaya take maimaitawa a ayoyinta 26. Abin da Matiyu 6:7 ya hana shi ne surutun da zuciya ba ta cikinsa.

Garin sauri kuma, wani ya fara da "Ubanmu na sama", can sai ka ji yana gode masa domin ya mutu a kan gicciye. Ɗan ne aka gicciye, kuma yara da sababbin tuba daga addu'o'inmu suke koyon bangaskiya. Ka san wanda kake wa magana.

Akwai kuma mai rufe ido ya yi wa ɗan'uwansa habaici da sunan addu'a. Idan kana da magana da wani, Matiyu 18:15 ya ce ka je ka same shi ku biyu kaɗai.

Wanda ya fi damuna shi ne saurin cewa "Ubangiji ya ce mini." Da zarar ka faɗi haka ka rufe bakin kowa, domin wa zai yi jayayya da Allah? Budurwa takan amince da auren da hankalinta bai kwanta da shi ba, maras lafiya ya ajiye magani, duk a kan wannan jimla. Magana zarar bunu ce. Idan abin bai cika ba, ba sunanka kaɗai ne ya zube ba, bangaskiyar mai rauni ce ta tsage. A Irmiya sura 28, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila. Daɗin ji, amma ba a aike shi ba, a shekarar kuma ya mutu. Dubi Bulus a 1 Korintiyawa 7: a aya 10 ya ce umarnin na Ubangiji ne, a aya 12 ya ce wannan kuwa shi ne ke faɗa. Idan manzo ya bambanta, mu fa? Ce "a ganina", ko "abin nan ya tsaya mini a rai, ku taya ni auna shi." Hakan bai rage maka ruhaniya ba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne tsinko aya daga mazauninta. Alkawarin Irmiya 29:11 an rubuta shi ne ga mutanen da aka kai bauta Babila, aya ta 10 kuwa ta ce sai bayan shekara 70. Filibiyawa 4:13 daga kurkuku ta fito, tana magana ne a kan iya zama da ƙoshi da yunwa. Karanta abin da ke gaba da bayan aya kafin ka ɗora wa wani ita.

A gidan makoki ma sai an yi hattara. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suna bayyana dalilin wahalarsa, sai Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba (Ayuba 42:7). Kada ka gaya wa uwar da ta binne ɗanta dalilin da ya sa Allah ya ɗauke shi, ba ka sani ba. "Mama, sannu, Ubangiji ya ta'azantar da ke" ya isa, sai ka zauna tare da ita. Idan kuma ka ce za ka yi mata addu'a, yi nan take, ko ka rubuta sunanta kafin ka bar gidan.