Yadda ake lissafa kuɗin inshorar ɗan wasan ƙwallon kwando

A gasar NBA ta Amurka, yawancin manyan kwantiragi sai an biya, ko ɗan wasa ya buga ko yana kwance yana jinya. Shi ya sa ƙungiyoyi ke yi wa albashin inshora. To, ta yaya kamfani ke yanke farashi?

Da farko ka fitar da abin da za a rasa. Kakar wasa tana da wasanni 82. Mu ɗauka albashin ɗan wasa dala miliyan 20.5 ne, wato dala 250,000 ke nan kowane wasa. A tsarin inshorar NBA, kamfani ba ya fara biya sai ɗan wasa ya rasa wasanni 41, sannan ya biya kashi 80 cikin ɗari na albashin kowane wasan da ya ƙara rasawa, wato dala 200,000. Idan kakar ta tafi gaba ɗaya, wasanni 41 sau dala 200,000, dala miliyan 8.2.

Daga nan sai yiwuwar raunin, kuma nan ne aikin yake. Ka tattara bayanan shekaru da yawa na 'yan wasa masu kama da shi a shekaru, tsawo, nauyi da mintunan da suke bugawa, ka ƙirga nawa ne suka yi doguwar jinya. Amma kada ka tsaya a nan, ka buɗe fayil ɗin likita. A ganina wanda ya ɗauki kowane rauni a matsayin tsautsayin da bai da alaƙa da na baya, ya yi babban kuskure. Ɗan wasan NBA Klay Thompson ya tsinke jijiyar gwiwar hagu a Yunin 2019, bai kai ga dawowa ba agararsa ta dama ta tsinke a Nuwamban 2020. Kaka biyu cur ba ya fili.

Yanzu ka ninka. A ce lissafinka ya nuna yiwuwar rasa kakar gaba ɗaya biyar ce cikin ɗari: kashi 5 na miliyan 8.2, dala 410,000. Ka maimaita wa mai rasa wasanni 50, 60 da 70, ka haɗa, sannan ka ɗora kuɗin gudanarwa da riba da ɗan tanadi don shekarar da raunuka suka zo a jere.

Wani lokaci lissafin kan nuna a cire wata gaɓa daga yarjejeniya, ko a ƙi karɓa ɗungurungum. A 2010 ƙungiyar New York Knicks ta ba Amar'e Stoudemire kusan dala miliyan 100 na shekara biyar, aka kasa yi wa kwantiragin inshora saboda gwiwoyinsa. Ƙungiyar ce ta ɗauki kasadar a kanta.