Yadda Ake Shirya Tsohon Bango Kafin a Yi Masa Sabuwar Filasta a Legas

Wanda ya taso a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya saba da bangon da yake bushewa da kansa, domin da zarar damina ta ɗauke iskar hunturu ta kaɗa, duk wata laimar da ke jikin gini sai ta tafi. A Legas lamarin ya sha bamban. Garin yana zaune ne tsakanin teku da tafki, ruwan sama yakan soma tun wajen watan Afrilu ya kai har Oktoba, kuma a unguwanni da yawa ba a yin nisa da haƙa ake tarar da ruwa a ƙasa. Shi ya sa ɗaki ko shagon da aka yi wa filasta mai kyau a Agege ko Idi-Araba ko Obalende yakan soma kumbura yana zubar da gari tun kafin shekara ta zagayo, mai shi kuma ya ɗora laifin a kan siminti ko a kan birkila. Sau da yawa laifin yana can ƙarƙashi, a jikin tsohon bangon da ba a tsaya an gyara shi ba kafin a rufe shi.

Idan gidan na haya ne, a fara samun yardar mai gida, a kuma daidaita kan wanda zai ɗauki kuɗin aikin, zai fi kyau a rubuce. Bayan haka a kwashe kaya, a shimfiɗa leda ko tsofaffin buhunan siminti a ƙasa, a kashe wutar ɗakin daga akwatin rarraba wuta. A nan a kula da kyau, domin gidaje da yawa a Legas suna da janareta ko na'urar adana wuta, kuma ɗauke wutar gari kaɗai bai isa ya tabbatar da cewa wayar da ke binne cikin bango ba ta da rai ba. Wayoyi sukan bi miƙe ne sama ko ƙasa daga makunni da soket, saboda haka a zana hanyarsu da alli domin guduma ta kauce musu. Mai aikin ya sa takunkumin hana ƙura da tabarau da safar hannu. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta take cutar da ƙwaƙwalwar ƙananan yara, don haka yara da masu juna biyu su nisanci ɗakin har a gama shara. Idan rufin ciki na tsohon allon asbestos ne, kada a fasa shi, kada kuma a goge shi.

Babban aiki shi ne gano inda danshi yake fitowa, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci fiye da ko'ina. Danshin da yake tasowa daga ƙasa yana da alamarsa: yakan tsaya a gindin bango, galibi bai cika wuce tsayin mita 1 ba, bakinsa na sama yana da layi mai lanƙwasa kamar shatin da ruwa ya bari a gaɓar kogi, kuma sau da yawa akwai farin gari mai kama da kanwa a kansa. Wannan farin garin gishiri ne da ruwa ya ɗauko daga ƙasa ko daga yashin ginin, ruwan ya bushe ya bar shi. Danshin da yake saukowa daga kusurwar sama kuwa, rufi ne yake yoyo ko indararo ya toshe. Idan tabon yana tsakiyar bango kuma bayan bangon banɗaki ne ko kicin, a zargi bututun ruwa da ke ciki. A rufe duk famfuna da dare, a duba da safe ko ruwan tanki ya ragu. Sai kuma bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki, wanda mutane da yawa suke bari yana ɗiga a jikin bangon waje shekara da shekaru.

Akwai gwaji mai sauƙi da yake raba gardama. A yanko leda mai haske wadda faɗinta ya kai kamar santimita 30 ta kowane gefe, a liƙa ta a jikin bangon da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. Idan raɓa ta taru a cikin ledar ta ɓangaren bango, ruwan daga cikin bangon yake fitowa. Idan a bayanta ta taru, ta ɓangaren ɗaki, iskar ɗakin ce take da laima, kuma maganin wannan shi ne buɗe taga da rage cunkoson kaya a jikin bango. Na taɓa ganin shagon wani ɗan'uwa a Agege da aka yi wa filasta sau biyu cikin shekara uku, kowane karo gindin bangon ya sake ruɓewa, sai da aka zagaya baya aka tarar kwatar maƙwabta ce take kwance a jikin ginin, kuma ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu. Da aka gyara kwatar, aka kwashe ƙasar da ta taru, aka yi daɓen siminti mai gangara zuwa waje, sannan filasta ta uku ta zauna. Ko kaɗan ban yarda da a sayi maganin hana ruwa a zuba cikin kwaɓi alhali ba a toshe hanyar ruwan ba, domin ruwan zai hau sama ne kawai ya ɓullo inda sabuwar filastar ta ƙare.

Bayan an toshe tushen danshin, sai a koma kan tsohuwar filasta a tantance wadda za ta zauna da wadda za ta sauka. A ɗauki ƙaramar guduma ko ƙotar cokalin gini a riƙa ƙwanƙwasa bangon taki ɗaya bayan ɗaya. Inda filasta take manne da bulo ƙararta a dunƙule take, inda ta rabu kuwa sai a ji tana amsawa kamar ganga. A kewaye duk wurin da ya yi ƙarar ganga da alli. Sannan a karta fuskar da ƙusa. Idan yashi yana zuba cikin sauƙi, an yi ƙwauron siminti tun farko, kuma irin wannan ba za ta riƙe sabon yaɓe ba ko da ba ta rabu da bulo ba. Idan wuraren da aka kewaye sun kai kusan rabin bango, a ganina gara a sauke duka, domin faci mai yawa yakan bar layuka da suke bayyana bayan fenti, kuɗin leburan ma bai cika bambanta ba.

Ana sara ne da kurfi da guduma, daga sama zuwa ƙasa, a karkace kurfin domin kada ya huda bulon, musamman bulo mai inci 6 da cikinsa rami ne. A wurin da danshi ya taso daga ƙasa, a wuce shatinsa da kamar santimita 30, saboda gishirin yakan hau fiye da inda ido yake gani. Bakin tsohuwar filastar da aka bari a yanke shi tsaf, kada a bar shi ya sirance kamar bakin wuƙa. Ɓaraguzan a zuba su cikin buhuna a nemi masu kwashewa. Zuba su a kwata laifi ne ga maƙwabta, kuma su ne za su toshe ruwa ya dawo gindin bangon da ake gyarawa.

Inda tsohuwar filasta take da ƙarfi aka yanke shawarar barinta, dole ne a cire duk abin da ke kanta. Fentin ruwa yana fita da makankari da buroshin waya bayan an jiƙa shi. Fentin mai ya fi taurin kai, kuma siminti ba ya kama shi, saboda haka sai an sassare fuskar da bakin guduma, sara kusa da sara, har a ga tsohon siminti a mafi yawan wurin. A jiƙa kafin a kankare domin ƙura ta kwanta, kada kuma a ƙona fentin da wuta. Abin da aka fi mantawa shi ne farin shafen nan mai laushi da ake yi da garin POP kafin fenti, wanda ya zama ruwan dare a gidajen Legas. Wannan garin ba ya jituwa da siminti idan akwai laima, yana kumbura ya ture abin da aka ɗora masa, don haka sai an kankare shi kakaf.

Tsagewar bango kashi uku ce, kuma bambance su ya fi ƙarfin maganar kwalliya. Sirara masu kama da gashi, waɗanda suka bazu a fuskar filasta kawai, daga bushewa da sauri suke, kuma suna tafiya tare da tsohuwar filastar. Wadda ta shiga cikin bulo amma ba ta motsi, a faɗaɗa bakinta da kurfi, a share, a jiƙa, a cika da kwaɓi mai ƙarfi, sannan a ɗora ragar waya a kanta ta zarce kamar santimita 15 ta kowane gefe, a kafe ta da ƙusoshin kankare. Haka ake yi a duk inda bulo ya haɗu da ginshiƙi ko dogarin kankare, domin su biyun ba sa motsi daidai da juna. Amma tsagewar da ta tafi a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ake hangen ta ciki da waje, ko wadda ta sa ƙofa ta daina rufuwa, wannan magana ce ta harsashi. A sa alama da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a duba bayan makonni; idan ta wuce alamar, a dakatar da aikin a kira injiniyan gini. Haka nan idan an sare filasta aka ga kankaren ginshiƙi ya fashe, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, abin da iskar teku mai gishiri take haddasawa. Mutanen Legas ba su manta da benen da ya rufta a Ita Faaji cikin watan Maris na 2019 ba, wanda akwai makarantar yara a cikinsa, kuma jihar tana da hukumar kula da gine-gine, LASBCA, wadda aikinta ya haɗa da duba ginin da ya nuna alamar rauni. Rufe irin wannan tsagewar da filasta ɓoye haɗari ne ga masu kwana a ɗakin.

Wani lokaci, musamman a tsofaffin gidajen tsibirin Legas da Ebute Metta, idan an sare sai a tarar da jan bulo na gashi da aka ɗaure da farar ƙasa mai laushi. Irin wannan bangon yana fitar da laimarsa ne ta jikin yaɓensa, kamar yadda ginin ƙasa na Arewa yake yi, kuma siminti mai tauri yakan kulle ruwan a ciki har bulon ya ruɓe. A nemi maginin da ya san kwaɓin da ake sa wa farar ƙasa.

Da an gama sara sai share fuska. A bi bangon da buroshin waya a bushe, domin idan aka wanke farin gishirin da ruwa narkewa zai yi ya koma ciki. Inda funfuna ta yi baƙi, a gauraya ruwan bilic kashi 1 da ruwa kashi 4, a shafa, a bar shi ɗan lokaci, a ɗauraye, taga a buɗe, kuma kada a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki domin hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Bangon kicin da ya sha hayaƙi da maiƙo a wanke shi da ruwan zafi da omo. Daga nan a bar bangon tsirara ya sha iska. Wanda ya jiƙe sosai yana iya ɗaukar makonni, shi ya sa na fi son a tsara wannan aikin tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwa ya ɗauke. A cikin wannan jiran ne mai gyaran wuta da mai gyaran famfo za su gama nasu, a gwada bututu a tabbatar ba ya yoyo, a toshe ramukan da suka sara.

Kayan aikin ma suna bukatar dubawa. Yashin da aka haƙo daga bakin teku ko ruwan gishiri yana jawo laima, kuma shi ne yake dawo da farin garin nan, saboda haka a tambayi mai tifa inda ya ɗebo. A zuba yashin cikin kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwanta. Idan laka ta yi kauri a samansa, a wanke shi ko a canza. A tankaɗe shi kafin amfani. Buhun siminti mai kilo 50 da ya yi gudaji masu tauri ya riga ya sha laima, a mayar da shi. Wanda aka saya a jera shi a kan katako, nesa da ƙasa da bango.

Saura matakai biyu. Na farko shi ne yarfi: a dama siminti kashi 1 da yashi mai kaifi kashi 2, ruwa-ruwa, a watsa shi da ƙarfi a jikin kankare mai santsi da tsohuwar filastar da aka sassare, har fuskar ta yi kaushi. Ana iya ƙara ruwan gam na gini mai suna SBR domin ya ƙara kamu, amma a guji farin gam na kafintoci, wanda yake sake narkewa idan ya ji danshi. A riƙa yayyafa wa yarfin ruwa kwana biyu ko uku har ya yi taurin da yatsa ba zai goge shi ba. Na biyu shi ne fitar da ma'auni: a saki igiya mai nauyi daga sama a ga inda bangon ya karkata, a manna 'yan dunƙulen kwaɓi a jere, tazarar da dogon katakon miƙewa zai iya haɗa biyu, dukkansu a kan layi ɗaya. Kaurin filastar ciki yakan kasance tsakanin milimita 12 da 15. Inda rami ya zarce milimita 20, a fara cike shi da shafe na farko, a karta fuskarsa, a bar shi ya kama kafin na biyu.

Ana gobe za a fara, a jiƙa bangon sosai, da safe kuma a sake yayyafa masa kaɗan, ya kasance da laima amma ba ya ɗiga, domin busasshen bulo yakan tsotse ruwan kwaɓi kafin siminti ya kama. A gaya wa birkila tun kafin ya ɗauki shebur cewa kwaɓin siminti kashi 1 ne da yashi kashi 4 zuwa 5, a auna da kwano ɗaya, kuma kada a ƙara ruwa a kwaɓin da ya soma daskarewa. A tanadi ruwan da za a riƙa ba sabuwar filastar safe da yamma har kwana 7, sannan a ba ta aƙalla mako huɗu kafin a kawo mai fenti.