Keke mai giya da marar giya: inda samarinmu ke tafka kuskure

Duk Lahadi idan an taso daga kasuwar Dambatta, gardama ɗaya ce a gindin darbejiyar mai gyaran keke: wanne ya fi gudu, wanne ya fi sa ƙarfin ƙafa? Tun daga suna ake ɓata. Phoenix ɗin da Baba ke ɗaura wa buhun gero giyarsa ɗaya, amma kana iya sakin ƙafa ya yi ta gangarawa da kansa. Marar giya na 'yan tsere daban ne: fedarsa a ɗaure take da tayar baya, muddin taya na juyawa dole ƙafarka ta bi.

Ƙanena ya aro irinsa, ya taho gangaren Kazaure, ya manta ya tsayar da ƙafa kamar yadda ya saba. Feda ta ɗaga shi daga sirdi, sai ga shi a gonar mutane, gwiwar hannu duk a kuje. Mai keken kuma ya cire birki, wai don gayu. Ka bar birkin gaba a wurinsa, ka fara koyo a kwalta shimfiɗaɗɗiya.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne a ɗauka cewa nauyin feda shi ne gudu. Mu yi lissafi. Haƙoran da sarƙa ke hawa 44 a gaba wajen feda, 18 a tayar baya, taya inci 28: taku ɗaya, wato cikakken zagayen feda, zai kai ka kusan mita biyar da rabi. Ka juya sau 80 a minti, kana yin wajen kilomita 26 a awa. Wani ya ce, "Malam, sa mini mai haƙora 14 a baya." Takunsa ya koma kusan mita 7, amma da ƙyar yake juya 50 a minti, bai fi kilomita 21 ba, ga gwiwa tana ciwo da dare. Idan kuma iskar hunturu ta tare shi ta gaba, ko ya faɗa rairayi, sai turi. Marar giya yana gina cinya, ban musa ba, tunda ba ya barin ka hutu. Amma ka zaɓi haƙoran da za ka iya hawa tudun garinku da su a zaune.

Masu cewa giya ta ragwaye ce, su sani tun 1937 aka amince wa 'yan tseren Tour de France na Faransa su riƙa sauya giya, kuma ba su koma baya ba. Laifin masu ita a nan shi ne jira sai an kai tsakiyar tudu, ana danna feda da ƙarfi, sannan a sauya. Sai ka ji ƙaras, sarƙa ta zame. Ka sauya tun kafin hawan, kana sassauta ƙafa.

Baƙin man inji kuma a daina lafta wa sarƙa. Ƙura yake kwasa ta cinye haƙora. Ɗigon man keken ɗinki ya isa, a goge saura da tsumma.