Matakan Fassara Zanen Girbi

An sha tambayata yadda ake fassara zanen da ke nuna karkara a lokacin kaka. Zan yi misali da zanen mata masu kala, wato tsintar ragowar hatsi a gona, wanda mai zane ɗan Faransa Jean-François Millet ya yi a 1857, wanda yanzu yake gidan tarihi na Orsay da ke birnin Paris.

1. Ka ɗan ja da baya, ka kalli zanen baki ɗaya.

2. Ka lura da inda idonka ya fara sauka. A nan mata uku ne a gaba, biyu sun duƙa, ta ukun ta ɗan ɗago.

3. Ka dubi hannayensu. Babu lauje, sai 'yan zangarkun alkama.

Hattara: a nan ake yawan kuskure, domin mutane da dama suna ɗauka girbi matan suke yi, alhali kuwa kala suke, wato tsintar abin da masu gona suka bari a ƙasa, aikin da talakawa kan yi.

4. Ka kai dubanka can baya, inda aka tara dammuna tsibi-tsibi, ga amalanke cike da kaya, ga wani bisa doki yana lura da ma'aikata.

5. Ka kwatanta hasken da ya lulluɓe amfanin gona da inuwar da matan suke ciki. A ganina, nan ne zanen ya fi magana.

6. Ka duba inda ƙasa ta haɗu da sama. Kan matan bai kai wurin ba.

7. Ka rubuta abin da ka gani tukuna, sannan ra'ayinka ya biyo baya.